Labarin Likita Simpson na Birnin Edinbara

Da yawa a cikinku sun taɓa kwana a asibiti, ko kuwa sun kai wani nasu aka yi masa fiɗa. An kwantar da shi bisa tebur, an ba shi magani ya yi barci, da ya farka sai ya tarar an gama aiki, an ɗinke, bai ji kome ba. Mun saba da wannan abu har ba mu mamakinsa. Amma ba haka duniya ta ke ba tun asali. A wannan wata za mu ba ku labarin ɗaya daga cikin mutanen da Allah ya yi amfani da su domin a rage wa 'yan adam azabar wuƙa da ta naƙuda. Sunansa James Young Simpson, mutumin ƙasar Sikotilan, wadda ta ke arewa da Ingila.

An haife shi ran 7 ga watan Yuni, 1811, a wani ƙaramin gari da a ke kira Batget, yamma da birnin Edinbara. Ubansa mai gashin burodi ne, ba mai dukiya ba. James shi ne auta. Yana da shekara 9 uwarsa ta rasu, sai yayarsa Maryamu ta zama masa uwa. Mutanen gidan suka ga yaron yana da kai, suka yi shawara su duka za su yi ta aikin burodi, shi kuwa a sa shi karatu. Wansa Alexander shi ya fi ɗaukar nauyinsa, bai kuwa gaji ba har shekaru da yawa. A shekara ta 1825, yana ɗan shekara 14, ya shiga Jami'ar Edinbara.

Ya kamata mu tsaya kaɗan mu gaya muku irin birnin da wannan yaro ya shiga, gama ba a gane Simpson sai an gane Edinbara. Tun 1726 aka kafa sashen koyon aikin likita a jami'ar birnin. Bayan shekara uku, a 1729, aka buɗe asibiti a wani ɗan gida mai gadaje kaɗan, domin talakawa su sami magani, ɗalibai kuma su ga cuta da idonsu, kada su tsaya ga littafi kaɗai. Wannan haɗin, makaranta da asibiti kusa da juna, shi ya ɗaukaka Edinbara. Ga kuma wani dalili. A zamanin nan manyan jami'o'in Ingila ba su ba mutum takardar shaida sai ɗan ekklesiyar gwamnati ne, amma Edinbara ba ta tambayar ɗalibi ekklesiyarsa, kuɗin karatu kuma da sauƙi. Saboda haka ɗalibai suka riƙa zuwa daga Ingila, da Ailan, da Amurka, da ƙasashe masu nisa.

Har ƙasarmu ta ga almajiran wannan birni. Likita Walter Oudney, abokin tafiyar Clapperton, wanda ya mutu kusa da Katagum a farkon 1824 a kan hanyarsu ta zuwa Kano, a Edinbara ya yi karatu. Haka kuma Likita Baikie, wanda ya hau kogin Binuwai da jirgin ruwa a 1854 tare da Samuel Crowther. Ya sa Turawan jirgin shan kwinin kowace rana, suka komo ba wanda ya mutu, abin da ba a saba gani ba a tafiyoyin da suka rigaya. Baikie ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, ya juya Zabura zuwa harshenmu. Lokacin da ya ke ɗalibi, Simpson yana cikin malaman jami'ar.

Sunan birnin kuwa ba fari fat ya ke ba. Ɗalibai sun yi yawa, gawawwakin da a ke koyon fiɗa da su ba su isa ba, har ɓarayi suka shiga tonon kaburbura suna sayarwa. A 1828, Simpson yana tsakiyar karatunsa, aka kama waɗansu mutum biyu, Burke da Hare, waɗanda suka kashe mutum 16 suka sayar da gawawwakinsu ga wani malamin fiɗa. Wannan abin kunya yana cikin abubuwan da suka sa aka yi doka a 1832 a kan hanyar samun gawa domin koyarwa.

A wancan zamani idan za a yanke wa mutum ƙafa, sai ƙarfafan maza su danne shi, ko a ɗaure shi da igiyar fata. Wani lokaci a ba shi giya mai ƙarfi ko ɗan maganin da ke sa maye, amma ba su hana shi ji. Gwanin likita shi ne mai sauri, wanda ya ke gama yanka kafin mai ciwo ya mutu don azaba. Masu rubuta tarihin Simpson sun ce wata rana ya ga babban likitan fiɗa Robert Liston yana yi wa wata mace aiki a nono. Kukanta ya shiga ransa har ya fita daga ɗakin, ya tafi neman aikin akawu a wurin lauyoyi. Daga baya ya komo ga karatunsa, amma tambaya ɗaya ta zauna a zuciyarsa, ko akwai abin da za a yi don a sauƙaƙa wannan wahala.

Ubansa ya rasu a 1830, gab da jarrabawa. Duk da haka ya ci, ya sami izinin aikin likita tun bai cika shekara 19 ba. Ya nemi aiki a wani ƙauye da a ke kira Inbakif, aka hana shi, abin kuwa ya yi masa zafi ƙwarai. Da an ba shi, watakila da ya ƙare kwanakinsa yana likitan ƙauye, ba mu kuwa da labarin da za mu ba ku yau. Ya koma jami'a ya sami babbar takardar likita a 1832. Wani shehun malami, John Thomson, ya karanta abin da ya rubuta, ya ɗauke shi mataimaki, shi ne kuma ya karkata shi wajen aikin karɓar haihuwa.

A lokacin manyan likitoci suna raina wannan fanni, suna ganinsa aikin ungozoma ne kawai. Simpson ya rungume shi da dukan ƙarfinsa, yana shiga lunguna da dare wurin matan matalauta, da safe kuma yana koyar da ɗalibai. Da kujerar shehun malamin wannan fanni ta zama ba kowa, sai ya nema. Majalisar gari ce ke zaɓe. Aka ce yaro ne, aka ce ɗan mai burodi ne, aka ce ba shi da aure, bai kamata gwauro ya riƙa duba matan mutane ba. Maganar aure dai ya warware ta, gama a watan Disamba 1839 ya auri Jessie Grindlay, 'yar birnin Libaful. A farkon 1840 aka jefa ƙuri'a, ya ci da ratar ƙuri'a ɗaya tak. Shekararsa 28.

Ran 16 ga Oktoba, 1846, a birnin Bostan na Amurka, wani likitan haƙori mai suna Morton ya shaƙa wa wani mutum tururin wani ruwa da a ke kira eta, aka yi masa aiki a wuya bai ji zafin yanka ba. Labari ya ƙetare teku. A watan Disamba, Liston ɗin nan da muka ambata ya yanke wa wani ƙafa a Landan da wannan magani. Simpson bai ɓata lokaci ba. Ran 19 ga Janairu, 1847, ya ba wata mace eta a cikin naƙuda mai wuya. Abin da likitoci ke tsoro shi ne, idan mace ta yi barci mahaifa za ta daina aikinta. Simpson ya ga mahaifa ta ci gaba da turo ɗa, ko da ya ke uwar ba ta jin zafi.

Amma eta yana da aibi. Warinsa yana da ƙarfi, yana sa tari da amai, ana bukatarsa da yawa, ga shi kuma yana kama wuta nan da nan, alhali yawancin haihuwa da dare a ke yi, kusa da fitila ko murhu. Sai Simpson ya shiga neman wanda ya fi shi. Hanyar da ya bi, ba mu ba kowa shawara ya bi ta. Kowane dare bayan an gama aiki, shi da mataimakansa biyu, Likita George Keith da Likita Matthews Duncan, sai su zauna a ɗakin cin abinci na gidansa, lamba 52 a Titin Sarauniya, su zuba ruwan magunguna iri iri a kofuna suna shaƙa, su ga abin da zai faru. Waɗansu suka sa su ciwon kai, waɗansu suka sa su amai. Maƙwabcinsa, Shehun Malami Miller, yakan leƙo da safe ya ga ko suna da rai.

Wani mai haɗa magani a Libaful, David Waldie, shi ya ambata masa wani ruwa mai nauyi, mai ɗan zaƙin ƙanshi, da a ke kira kulorofom. Ba sabon abu ba ne, tun 1831 masana uku suka haɗa shi, ɗaya a Amurka, ɗaya a Faransa, ɗaya a Jamus, kowa a gefensa. Ran 4 ga Nuwamba, 1847, da dare, su ukun suka shaƙe shi. Da fari suka cika da fara'a da surutu. Jim kaɗan sai matar gida da baƙin da ke wurin suka ji faɗuwa. Simpson ya farka ya ga kansa a ƙasa, Duncan yana minshari, Keith yana shure-shure a ƙarƙashin tebur. Da suka tashi suka sake gwadawa, har wata 'yar'uwar matarsa ta ce ita ma sai ta shaƙa. Yanzu da a ka san ƙarfin wannan magani, mun sani da sun ƙara kaɗan da ba su tashi ba. Jinƙan Allah ne ya tsare su a daren nan.

Cikin 'yan kwanaki ya yi amfani da shi wajen haihuwa. Ran 10 ga Nuwamba ya ba da labari a taron likitocin birni. A babban asibitin Edinbara, Miller ya cire wa wani ƙaramin yaro ruɓaɓɓen ƙashi daga hannu, yaron yana barci. Ba a bukatar wata na'ura, sai hankici da ɗan ɗigo kaɗan. A nan ne amfanin birnin ya fito fili: ga asibiti inda za a gwada, ga taron likitoci da za su bincika maganar, ga maɗaba'a da ta buga ɗan littafinsa kafin mako biyu su cika, ga kuma kamfanin haɗa magani na Duncan da Flockhart wanda ya shiga yin kulorofom yana aikawa ƙasashe. Sai dai a cikin ɗan littafin nan Simpson ya sa sunan Waldie a ƙasan shafi ne kawai, Waldie kuwa ya ji an rage masa hakkinsa. Mu ma muna ganin ya cancanci fiye da haka.

Ba a daɗe ba gardama ta tashi. Waɗansu suka ce zafin naƙuda hukuncin Allah ne bisa ga Farawa 3:16, ba daidai ba ne mutum ya kawar da shi. A watan Disamba 1847 Simpson ya rubuta amsa. Ya ce kalmar Ibrananci da ke wurin tana nufin wahalar aiki da fama, mace kuwa tana yin wannan fama ko tana jin zafi ko ba ta ji. Ya ce a cikin sura ɗin nan an la'anta ƙasa da ƙaya da sarƙaƙiya, amma ba wanda ya ce manomi ya yi zunubi don ya yi noma ya cire ƙaya, ko don ya sa dabba ta ja masa garma. Ya kuma tuna musu da Farawa 2:21, inda Ubangiji ya sa Adamu barci mai nauyi kafin ya ɗauki haƙarƙarinsa. An daɗe ana cewa ekklesiya ce ta tashi gāba da shi. Masu binciken tarihi na baya sun duba takardun zamanin, suka tarar masu wa'azin da suka yi rubutu gāba da maganin kaɗan ne ƙwarai. Yawancin masu ƙi likitoci ne, irin su Likita Meigs na Amurka, wanda ya ce zafin naƙuda abu ne na halitta, yana kuma nuna wa likita yadda haihuwa ke tafiya.

Mu kanmu mun san wannan tunani. A wurare da yawa a ƙasarmu ana yabon macen da ta danne kuka a haihuwar fari, ana ganin kunya ce ta nuna zafi. Jimiri abu ne mai kyau. Amma idan naƙuda ta wuce yini da kwana, shirun mace ba ya nuna lafiya, a kai ta asibiti tun da sauran lokaci.

Likitocin da suka yi tsoro kuwa ba a banza suka yi ba. Ran 28 ga Janairu, 1848, wata yarinya 'yar shekara 15, Hannah Greener, kusa da birnin Niyukasil, ta shaƙi kulorofom domin a cire mata farcen ƙafa, ta mutu nan take. Simpson ya ce ba maganin ne ya kashe ta ba, ruwa da barasar da aka ɗura mata don a farfaɗo da ita ne suka shaƙe ta. Waɗansu suka bi bayanta. Daga baya aka tabbatar kulorofom yana iya tsayar da zuciya farat ɗaya, yana kuma ɓata hanta. Simpson bai yarda da girman wannan haɗari ba yadda ya kamata. Likita John Snow na Landan shi ya zauna ya auna yawan da ya kamata a ba mutum. Shi ne kuma ya ba Sarauniya Biktoriya kulorofom ran 7 ga Afrilu, 1853, a haihuwar ɗanta na takwas, ya sake ba ta a 1857. Tun da Sarauniya ta sha, bakin masu yawa ya mutu. An yi shekaru kusan ɗari ana amfani da shi, har a ka sami waɗansu magunguna da suka fi shi aminci. Yau an daina sa mutane barci da shi.

Simpson gajere ne, kakkaura, mai babban kai da dogon gashi. Gidansa ba ya rabuwa da jama'a. Matan sarakuna da attajirai suna zuwa daga ƙasashe suna cika masaukan birni, matalauta kuma suna jira a ƙasan bene, yana duba su ba kuɗi. Ya gyara irin awartakin da a ke taimakon fitowar kan jariri da shi, har yau ana kiran wannan iri da sunansa. A 1850 ya rubuta cewa zazzaɓin da ke kashe mata bayan haihuwa, hannun likita da na ungozoma ne ke ɗaukarsa daga wannan mace zuwa waccan. Yana son binciken abubuwan dā, ya kuwa rubuta tarihin kuturta da gidajen kutare na ƙasarsa, gama dā akwai kuturta a Sikotilan kamar yadda mu ka san ta. A 1868 ya ba da shawara a ware masu agana daga jama'a har cutar ta rasa wanda za ta kama. A zamanin da likitoci ke dariyar mace likita, ya ɗauki Emily Blackwell ta yi aiki a ƙarƙashinsa a 1854.

Aikinsa na ƙarshe mai girma shi ne ƙidaya. Ya aika wa likitocin ƙauyuka takardu, ya tara labarin mutum fiye da 2,000 da aka yanke wa hannu ko ƙafa a gida ko a ƙauye, ya gwada da waɗansu fiye da 2,000 da aka yi wa a manyan asibitoci. Na ƙauye, wajen 1 cikin 9 suka mutu. Na manyan asibitoci, wajen 4 cikin 10. Ya ce manyan gine-gine masu cunkoso suna tara cuta, gara a yi ƙananan ɗakuna a rarrabe. Ƙidayarsa gaskiya ce, amma bai gane tushen abin ba. Wanda ya gane shi ne Joseph Lister, wanda ya yi aiki a Edinbara tun 1853, sa'an nan ya koma Gilasgo. Lister ya karanta binciken Pasteur na Faransa, ya fahimta ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da miki, ya shiga wanke miki da kayan aiki da ruwan kabolik, ya buga sakamakon a 1867. Simpson ya yi gāba da shi da zafi. Yana da tasa dabara ta tsayar da jini da allura wadda ya ke so a bi, ga kuma tsohuwar gaba tsakaninsa da Likita Syme, surukin Lister. A nan ya yi kuskure, ba mu kuwa ɓoye shi. Mutumin da ya yi fama da masu ƙin sabon abu, shi ma ya ƙi sabon abu da ya zo ta hannun wani.

Game da bangaskiyarsa, tun 1843 da ekklesiyar Sikotilan ta rabu a kan ko masu ƙasa ne za su naɗa wa jama'a mai wa'azi, ya bi waɗanda suka fita suka kafa 'Yantacciyar Ekklesiya. Amma shekaru da yawa aiki da suna sun cika masa zuciya. Allah ya ba su 'ya'ya tara, biyar suka riga shi mutuwa. 'Yan mata biyu sun mutu suna ƙanana. Wajen ƙarshen 1861 ya shaida wa abokansa ya ba da kansa ga Almasihu, ba da daɗewa ba kuma, a 1862, ɗansa Jamie ya rasu bayan doguwar jinya. Daga nan aka fara ganin babban likitan Sarauniya yana tsayawa a tarurrukan bishara a unguwannin matalauta, yana magana a kan zunubinsa da Mai Cetonsa, waɗansu abokan aikinsa suna yi masa ba'a. A farkon 1866 Sarauniya ta ba shi sarautar da a ke gāda, a ka fara kiransa Sa James. Ana cikin aiko masa da gaisuwar murna sai babban ɗansa David, wanda shi ma likita ne, ya rasu. Bayan 'yan makonni 'yarsa Jessie ta bi shi.

Ciwon zuciya ya kwantar da shi a farkon 1870, ya rasu ran 6 ga Mayu, yana da shekara 58. Aka nemi a binne shi a babban majami'ar Wesminsta a Landan, inda a ke binne sarakuna da manyan ƙasa, iyalinsa suka ce a'a, a sa shi kusa da 'ya'yansa a hurumin Wariston a Edinbara. Ran jana'iza aka rufe jami'a da kantuna da yawa, dubban mutane suka tsaya a bakin hanya. Matarsa ta rasu bayansa da 'yan makonni.

Birnin bai tsaya ba bayan mutuwarsa. A 1887 Likita Robert Philip ya buɗe ɗakin shan magani na masu tarin fuka, irinsa na fari. A shekarun 1950 Likita John Crofton da abokan aikinsa suka nuna cewa idan an haɗa magunguna uku aka sha su har ƙarshe, kusan kowane mai tarin fuka yana warkewa, hanyar da ta zama tushen maganin da a ke bayarwa a asibitocinmu. A jami'ar ne Kenneth Murray ya yi binciken da ya kai ga allurar rigakafin ciwon hanta da a ke yi wa jarirai. A 1996, a cibiyar binciken dabbobi ta Roslin kusa da birnin, aka haifi tunkiyar nan Dolly, wadda a ka samo daga ƙwayar jikin wata tunkiya ba tare da rago ba. Asibitin haihuwa da a ka buɗe da sunan Simpson a 1879 ya yi ƙaura sau biyu, yanzu yana cikin sabon babban asibitin Edinbara a gefen birni, har wa yau kuma da sunansa a ke kiransa.